Idirisa Talle da Motar da Aka Gine wa Hanya

Duk wanda ya zauna layin gidan marigayi Alhaji Wada a Sabon Gari ya san ƙarar nan ta ranar Juma'a. Da an sauko daga masallaci an ci abinci, sai a ji injin mota ya tashi daga can cikin gida, bayan katanga, inda babu titi, babu kuma ƙofar da mota za ta bi. Baƙo kan ɗaga kai ya duba. 'Yan unguwa kuwa ko waiwaye ba sa yi. Sun san Idirisa ne, direban Alhaji, ya shiga aiki.

An haifi Idirisa Talle a Jiratawa, gidan manoma. Ubansa na da fili ɗaya a gonakin rani, inda ake ba kowa ruwa bi da bi, ana shuka albasa da tattasai da zogale. Idirisa ya taso yana riƙe fartanya, amma idonsa na kan motocin da ke zuwa ɗaukar kaya. Da ya zama saurayi sai ya bi wani kaminyo, babbar motar kaya mai kai albasa Maradi. Ya yi shekaru yana sa wa taya weji, yana wanki, yana kwana ƙarƙashin mota, kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa sitiyari. Ya samu permi, takardar tuƙi, ya yi aure, ya kawo matarsa Tahira birnin Maradi. Daga nan Alhaji Wada, wani ɗan kasuwar atamfa, mutumin Tibiri, ya ɗauke shi ya riƙa tuƙa masa wata farar Toyota.

Idirisa ba direban gudu ba ne. Kafin ya tada mota sai ya zagaye ta, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi ko akuya ta kwanta, ya duba ruwa, ya zaro sandar baƙin mai ya goge ta da tsumma ya sake tsomawa. Ba ya ajiye mota a gangare ba tare da ya karkata tayoyin gaba ba, ba ya kuma barin ta a rana in akwai inuwa ko da nesa ce. Esansi, man mota na kwalba da ake sayarwa bakin titi, sai ya tace shi da ƙyalle kafin ya zuba. Alhaji mutum ne mai gaggawa, yakan buga cinya ya ce:

"Idi, in da jaki na hau da yanzu na isa Tibiri!"

"Alhaji, jakin ma sai an duba ƙahwahunshi," in ji Idirisa, yana ci gaba da goge madubi.

Kowace Juma'a bayan masallaci sukan tafi Tibiri gaida tsohuwar Alhaji, su dawo kafin magariba. Haka suka yi fiye da shekara goma sha biyar, motar ba ta taɓa gogar ko bango ba.

A damanar 2016 Alhaji ya kwanta ciwo. 'Ya'yansa maza biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun suna yara ba sa shan inuwa ɗaya. Babban, Bilal, yana zaune unguwar Zariya da iyalinsa. Ƙaramin, Shamsu, ya tafi neman kuɗi Aljeriya. Alhaji ya san halin abinsa. Wata safiya ya sa aka kira Idirisa ɗaki, ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro makullin motar na biyu ya haɗa masa da na farko.

"Idi, wagga mota amana ce hannunka. Kada ka ba kowa makulli sai an raba gado. Ko Bilal, ko Shamsu."

"Na ji, Alhaji. Allah shi ba ka lahiya."

Alhaji bai tashi ba. Ranar rasuwa aka rasa inda za a shimfiɗa tabarmin masu gaisuwa, don motar na ƙofar gida ƙarƙashin rumfa. Dattawan dangi suka ce dama kayan mamaci ba a barin su waje, a killace su cikin gida har ranar rabo. Zauren gidan kuwa mutum biyu ba sa jerawa cikinsa. Amma bayan gida fili ne fetal, katangar kuma ta ƙasa ce. Sai aka fasa katangar, Idirisa ya shigo da motar da baya, ya tsayar da ita gindin itacen bedi a tsakar gida. Uwargida, Hajiya Maijidda, ta shiga takaba, ba zai yiwu a bar gida buɗe ba, don haka magina suka mayar da katangar cikin satin nan. Kowa ya ce ai abu ne na kwana arba'in. Shamsu na zuwa a raba, a sake fasawa.

Shamsu bai zo ba. Takardunsa ba su cika ba, in ya fito ba zai iya komawa ba. Ya ce a jira shi baɗi. Baɗi ta zo ya ce baɗin baɗaɗa. A waya kuwa kullum maganarsa ɗaya ce: kada wanda ya taɓa komai.

Idirisa ya tsara wa motar rayuwar zaman gida kamar yadda ya tsara mata ta hanya. Ya saki birkin hannu, don ya san in aka bar shi ɗaure wata da watanni yakan liƙe, ya sa ta cikin giya, ya tokare tayoyin da duwatsu. Ya lulluɓe ta da tampol saboda kashin tsuntsaye da 'ya'yan bedi, ya ɗaura tsofaffin tabarmi jikin tayoyin da rana ke duka. Yakan cire wayar batir in ya gama, ya mayar in zai tada. Ranar Juma'a, lokacin da da suke kama hanyar Tibiri, sai ya yaye tampol, ya ce mata su janye yara da murhu daga bayan mota saboda hayaƙi, ya zagaye ta, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi. Sannan ya shiga ya tada. Tsakanin gindin bedi da rijiya akwai ɗan wuri da bai fi tsawon tabarma biyu ba. Nan yake tuƙinsa. Ya matsa gaba a hankali har rijiya, ya taka birki, ya duba madubi, ya dawo baya har bedi. Yakan tsayar da ita ba daidai inda ya ɗauke ta ba, don kada gefe ɗaya na taya ya yi ta ɗaukar nauyi ya baje.

Shekara ta biyu masu filin bayan gida suka yanka shi suka sayar. Idirisa na tsaye yana kallo aka kafa turaku, aka ja igiya. Wanda ya sayi na jikin katangarsu wani mai shagon kayan miya ne, Hafizu, mutum mai fara'a da tsokana. Ya gina shago na siminti, ya bar lungu. Na gaba da shi ya gina gida, ya ɗan ci lungun da dakali. Idirisa ya hau kabu-kabu ya tafi Zariya wurin Bilal.

"Bilal, ana gine muna hanya. In ba a hidda motar nan bana ba, ba ta hita."

Bilal ya juya waya a hannu. "Baba Idi, in na hidda ta, Shamsu cewa zai yi na sace. Ka kira shi kai, kai yake jin maganarka."

Idirisa ya kira. Shamsu ya ce, "Baba Idi, wayon Yaya ne. Yau a hidda ta, gobe ka gan ta ƙohwar gidanshi. Don Allah bar ta inda Alhaji ya bar ta."

"Ba Alhaji ya bar ta nan ba, mu muka sa ta."

"To a bar ta dai."

Aka bar ta. Bayan nan aka haƙa kwata ta bi tsakiyar lungun, aka kafa turken wutar lantarki a bakinsa.

A wannan tsakanin uban Idirisa ya rasu a Jiratawa, filin rani ya dawo sunansa. Ƙa'idar ƙungiyar manoman wurin ita ce mai fili ya kasance yana nan ranar da ruwa ya zagayo kansa, ya kuma fito aikin gayya na yashe magudana. Filin da aka bari ya yi ta zama, sai a ba wani, don masu jira suna da yawa. Idirisa ya yi murna a ransa. Shekarunsa sun haura hamsin, 'ya'yansa mata duk sun yi aure, ya ga lokacin komawa gida ya yi. Ya shaida wa Hajiya zai riƙa zuwa kowace Juma'a ya duba mota. Ya kwashe Tahira da kayansu suka koma.

Dashen albasa ya riƙe shi, Juma'a biyu suka wuce bai zo ba. Da ya zo ya murɗa makulli, motar ta yi shiru. Ya buɗe gaba ya tarar ɓeraye sun yi sheƙa, sun gaigaye wayoyi. Abin da bai wuce gyaran yini ɗaya ba. Amma kafin ya samo mai gyara, labari ya riga ya kai Aljeriya cewa an ga wayoyi a yanke. Shamsu ya ce Bilal ne ya turo a cire kaya. Bilal ya zo gida yana huci, ya tsaya tsakar gida ya kira Shamsu, ya kunna muryar waya kowa na ji, 'yan'uwan biyu suka zazzage wa juna maganganun da ba a mayarwa, uwarsu na zaune bakin ƙofar ɗaki. Da Bilal ya fita, Hajiya ta kira Idirisa. Idonta ya yi ja.

"Malam Idi, tun da Alhaji ya tahi, abu ɗaya 'ya'yan nan suka yarda da shi su biyu, kai ne. In kana gidan nan ba su da abin hwaɗa. Don girman Allah kada ka sake nisa."

Idirisa ya dubi ƙasa. Ya tuna hannun Alhaji yana laluben ƙarƙashin matashi. Ya ce, "To, Hajiya."

Daga ranar ya koma ɗan ɗakin da ke cikin zaure. Shi ne mai gadi, shi ne ɗan aiken kasuwa, shi ne mai kashe ɓera. Ya samo kyanwa ya ajiye. Masu motoci da suka san hannunsa sun neme shi, wani ma zuwa Zinder da Agadas, bai karɓa ba. Tahira ta zauna Jiratawa ita kaɗai tana riƙe filin, tana ɗaukar 'yan ƙwadago in ta samu hali, in ba ta samu ba ta shiga ruwa da kanta. Yakan je ya yini, ya dawo kafin la'asar ta yi sanyi, zuciyarsa na kan tampol.

Hafizu kuwa ya samu abin wasa. Duk Juma'a in ya ji inji ya mutu, sai ya ɗaga murya ta bayan katanga:

"Direba, sannu da hanya! Yau har ina aka kai?"

"Har rijiya," in ji Idirisa.

"Kai, tahiya ta yi nisa! 'Yan sanda ba su tare ka ba?"

"Kaza ɗaya ta tare ni, na nuna mata permi."

Sukan yi dariya su biyu. Amma in Idirisa ya kashe mota yakan daɗe zaune ciki, hannu bisa sitiyari, yana kallon katangar da ke gabansa. Kujeru tsaf, madubi tsaf, inji na kaɗawa kamar agogo, ga shi babu inda za ta. Wani lokaci yakan ji kamar shi ma an tokare masa ƙafafu da duwatsu.

Shamsu ya dawo bayan damanar 2024, ya rame, gemunsa da furfura. Aka kira malamai da dattawan Tibiri, aka zauna zaure aka raba gado: gida, shaguna, gonaki, har tabarmi. Da aka zo kan mota sai kowa ya fita ya leƙa lungun, ya dawo ya zauna. Bilal ya ce a sa ta rabon Shamsu, tunda shi ya hana a fitar. Shamsu ya ce a sa ta rabon Bilal, tunda shi yana gari aka gine. Murya ta fara tashi. Sai Hajiya ta yi magana daga bayan labule.

"A sa ta cikin tumunina. Ni kau na ba Malam Idi, halak malak. Ku shaida."

Aka shaida, aka yi fatiha, aka yi ta yi wa Idirisa barka. Shi kuwa ya zauna riƙe da makullai biyu, bai san ko dariya zai yi ba. Amana ta sauka daga wuyansa. Motar da ya yi wa hidima rabin rayuwarsa ta zama tasa, a inda take.

Washegari ya samo igiya, ya auna faɗin motar daga madubi zuwa madubi, ya naɗe madubin ya sake aunawa, ya ƙulla. Ya zagaya lungu. Wajen shagon Hafizu igiyar ta shiga da ƙyar. Wajen dakalin maƙwabci ta fi lungun faɗi da taƙi guda. Hafizu ya fito ya tsaya yana kallonsa, wannan karon ba tsokana.

"Malam Idi, in kusurwar shagona ce, wallahi ka hwasa, mu gyara daga baya."

"Na gode. Dakalin hwa?"

"Mu roƙe shi."

"Kwatar hwa? Turken wuta hwa?"

Hafizu ya dubi turken, ya sosa ƙeya. Idirisa ya naɗe igiyarsa. Duk da haka bai haƙura ba. Ya yi makonni yana yawo, yau ya tambayi mai motar ɗaga kaya ko za a iya tsallakar da ita ta bisa katanga, aka ce wayoyin wuta sun rufe sama, kuma motar ɗagawar ma ba ta da wurin tsayawa. Gobe ya je ya auna ta gefen maƙwabtan gabas, ya tarar ɗakunan kwana ne. Ilyasu bakanike, wanda ya daɗe yana sayar masa da batir, ya gaya masa gaskiya: hanya ɗaya ce, a kwance ta gunduwa-gunduwa a fitar ta zaure. Inji da giya da ƙofofi duk akwai masu so, gangar jikin kuwa sai an yanka. Idirisa ya tashi ya bar garajin bai yi sallama ba.

Ranar wata Laraba Tahira ta zo. Ya gan ta tun daga bakin layi tana tafiya tana dafa bango, gwiwoyinta sun kumbura. Ba ta shiga wurin Hajiya ba sai da ta zauna bakin ɗakinsa ta huta.

"Malam, an yi taro. Asabar za a yashe magudana a saki ruwan rani. Sun ce sun yi kawaici saboda Baba, amma bana in ba su ga mai hili da kanshi ba, za su ba wani. Ni kau ka gani, ko tsugunno ban iyawa."

"Ki ce su ƙara mini kwana kaɗan. Akwai wani da ya ce..."

"Mi ya ce? Zai sa wa motar hiffike?" Ta dube shi. "Da ka ce amana ce, na yi shiru shekara takwas. Yanzu amanar wa kake tsaro? Alhaji ya ce sai an raba. An raba."

Tahira ta miƙe da ƙyar. Ta shiga ta gaida Hajiya, ta fito ta wuce tasha. Ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya yaye tampol kamar kullum. Ya zagaye motar, ya leƙa ƙarƙashi, ya kori kyanwa. Ya tada, ya je rijiya, ya duba madubi, ya dawo bedi. Ya sake zuwa, ya sake dawowa. Hafizu bai ce uffan ba ta bayan katanga. Sannan ya kashe, ya fito, ya kira Ilyasu a waya.

Ilyasu ya zo da mutanensa da akwatunan sifana da injin yankan ƙarfe. Ɗaya daga cikinsu ya fara jan waya zai jona injin.

"Tsaya!" in ji Idirisa. "Akwai esansi cikin tanki. Tartsatsi ɗaya ya ishe gidan nan."

Ya sa mata suka kashe murhu. Ya cire wayar batir da hannunsa, ta baƙi tukuna sannan ta ja, ya ɗauke batirin ya kai zaure. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya zuƙe man cikin jarka har ya daina ɗiga, ya sa aka kwance tankin gaba ɗaya aka fitar da shi waje, aka cika shi da ruwa. Ya tsiyaye baƙin mai cikin tsohuwar roba don kada ya bi ƙasa ya shiga rijiya. Da ya tabbata babu abin da zai kama wuta, ya goge hannu da tsummansa, ya ninke shi ya ajiye bisa kujerar direba. Ya miƙa wa Ilyasu makullan biyu.

"Wanda duk ya sayi injin, ka ce mashi ya riƙa tace mai."

"Ba ka tsayawa ka gani, Malam Idi?"

"Ina da ruwa gobe."

Ya yi wa Hajiya sallama, ta yi ta sa masa albarka tana share ido da bakin mayafi. Ya ɗauki jakarsa da tabarma. Yana cikin zaure ya ji injin yankan ya fara kuka, bai waiwaya ba.

A tasha ya samu taksin Jiratawa saura mutum ɗaya, aka ba shi gaba. Ya laluba ya jawo santir, bel ɗin kujera, ya ɗaura a ƙirji, abin duk ƙura, da gani ba a taɓa amfani da shi ba. Direban ya dube shi ya yi dariya.

"Baba, tsoro kake ji? Nan da Jiratawa ne hwa."

"Ja mu tahi," in ji Idirisa.

Suka fita gari, titi ya miƙe, iska ta shigo ta taga. Ya manta rabon da ya ga hanya ta buɗe haka gabansa daga kujerar gaba. Can wata akuya ta tsallaka titi, ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa da ƙarfi tana neman birki, ba ta samu komai ba sai tabarmar roba. Ya janye ta a hankali, ya ɗora hannuwansa bisa gwiwa. Daga nesa koren gonakin rani ya fara bayyana, ya shiga tunanin inda Tahira ta ajiye shebur.